RA'AYINMU: Ɗana Tarko a Waya da Sunan Hana Mummunan Aiki

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai suturce bayinSa alhali kuwa Yana ganinsu. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

Akwai wata tambaya da ta yi ta maimaituwa a bakin matasanmu cikin 'yan watannin nan, a majalisun karatu na bayan Magariba da wuraren zaman 'yan agaji, tun daga Kazaure har Roni da Gwiwa, da Babura can bakin iyakar Nijar. Tambayar ita ce: tun da yake an san akwai maza masu neman maza, da mata masu neman mata, waɗanda suke sanin juna ta wayar salula, shin ya halatta ɗan'uwa mai kishin addini ya buɗe shafi da sunan ƙarya da hoton aro, ya shiga cikinsu kamar shi ma nasu ne, ya yi ta jan mutum da hira har ya amince su haɗu, sa'an nan a yi masa kwanton ɓauna a kama shi? Mafi yawan masu wannan tambaya mun san su, ba a rasa su a sahun farko, kuma ba mu da shakka cewa kishi ne ya sa su yin ta. Saboda haka suka cancanci amsa cikakkiya wadda babu kwana-kwana a cikinta. Amsarmu ita ce bai halatta ba, kuma duk wanda ya aikata haka, to, ba da yawun wannan ƙungiya ya yi ba.

Kada wani ya karkatar da maganarmu. Hukuncin luwaɗi da maɗigo a Shari'a sananne ne, malaman mazhabobin nan huɗu ba su yi saɓani a kan haramcinsu ba, kuma mumbarinmu bai taɓa yin shiru a kai ba. Abin da ke gabanmu a wannan wata shi ne hanyar da wasu suke so a bi, domin a Musulunci kyawun manufa ba ya wanke ƙazantar hanya. Ba a wanke najasa da fitsari.

Ya kamata mai karatu ya fara fahimtar yadda al'amarin yake gudana. Wayar salula ta shigo ƙasar nan a shekarar 2001, kuma Kazaure ba baƙuwa ba ce ga wannan ilmi, domin tun zamanin Gwamna Saminu Turaki aka kafa cibiyar koyar da kwamfuta a garin, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da take tara ɗalibai daga jihohi daban-daban. Daga 2go aka koma Facebook da WhatsApp, yau kuma yaron da yake kiwo a ƙauyen Gwiwa yana iya hira da wanda yake Ikko ko Landan ba tare da ya bar gindin bishiyarsa ba. A garuruwa irin namu, inda kowa ya san kowa har kakanninsa, mai ɓoyayyen hali ba ya da inda zai kai sirrinsa sai cikin waya, yana zaton ɗaki ne mai ƙofa da sakata. Wasu ta rufaffun zaurukan hira suke sanin juna, wasu ta manhajojin da aka ƙera musamman domin wannan, irin su Grindr wadda aka buɗe a Amurka a shekarar 2009, wadda take nuna wa mutum waɗanda suke kusa da shi da tazarar da ke tsakaninsu.

To, wannan ɗaki ba shi da ƙofa. A watan Disamba na 2021 hukumar kare bayanan jama'a ta ƙasar Norwe ta ci kamfanin Grindr tarar kuɗin ƙasar krona miliyan 65 saboda miƙa bayanan masu amfani da manhajar ga kamfanonin talla ba bisa ƙa'ida ba. A watan Afrilu na 2020, a Maroko, an zuga jama'a su buɗe shafukan bogi su kwafo hotunan mutane su watsa, aka kori wasu daga gidajen iyayensu a tsakiyar kullen korona. A watan Fabrairu na 2023 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan yadda jami'an tsaro da 'yan damfara suke amfani da wannan dabara a Masar da Iraƙi da Jodan da Labanan da Tunisiya. Ke nan dabarar da matasanmu suke tambaya a kanta ba su suka ƙago ta ba. Tsohuwar sana'a ce mai iyayen gida, kuma ya kamata su san gidan da suke shirin shiga.

A kudancin ƙasar nan har suna aka yi wa sana'ar, ana ce mata kito, kuma sashen binciken BBC na Afirka ya yi shiri a kanta a shekarar 2023. Salonta kusan ɗaya ne ko'ina. Za a yi kwanaki ko makonni ana hira har a sami amincewar mutum. Sai a gayyace shi wani ɗaki ko wani kango. Yana shiga sai ya tarar da ƙarti huɗu ko biyar. A tuɓe shi, a dake shi, a ɗauki bidiyonsa yana faɗin sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu, a karɓe wayarsa, a tilasta shi ya kwashe abin da ke asusunsa na banki, sa'an nan a buga wa danginsa waya a ce su turo kuɗi ko a saki bidiyon. Bayan an sake shi ma ba a rabu da shi ba, domin duk ƙarshen wata sai an tuna masa. Shi kuwa ba ya iya kai ƙara, saboda yana tsoron a bar ɓarawon a kama shi. Tun a 2016 Human Rights Watch ta rubuta cewa ƙwace da cin zarafi irin wannan sun ƙaru bayan dokar hana auren jinsi da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairu na 2014. Kuma duk wanda yake zaton masu wannan sana'a addini ne ya dame su, to, ya tuna cewa a watan Yuli na 2024 kamfanin Meta ya rufe shafukan Instagram kimanin 63,000 a Nijeriya na masu karɓar kuɗi ta hanyar barazanar tona asiri da hotunan tsiraici, waɗanda ba ruwansu da ko mace kake nema ko namiji. Kasuwa ɗaya ce, hajar ce kawai take canzawa.

Mene ne sunan wannan aiki a fiƙihu? Ɗaliban da suka kai Babin Hiraba a Mukhtasar na Shaihu Khalil za su tuna cewa bai taƙaita ɗan fashi ga wanda ya tare hanya da makami kaɗai ba. Ya shigar da wanda ya shayar da mutum abin gusar da hankali domin ya ƙwace masa dukiya, ya kuma shigar da wanda ya yaudari yaro ko babba ya ja shi inda babu mai ceto domin ya karɓe abin da ke hannunsa. Wannan ita ce sifar mai ɗana tarko a waya, ba ragi ba ƙari. Hukuncin hiraba kuwa yana cikin aya ta 33 ta Suratul Ma'ida, kuma yana daga cikin mafiya tsananin haddodi. Babu wani malami da ya ce dukiyar mai saɓo ta zama ganima, ko jininsa da mutuncinsa sun halatta ga duk wanda ya riga kama shi. Saboda haka mutumin da ya fito daga wannan kango da wayar wani a aljihunsa yana kabbara, sai ya sani cewa shi ne wanda littafi ya ambata da suna, kuma laifinsa ya tabbata a gaban shaidu, alhali na wanda ya daka zato ne har yanzu.

Mun san abin da matasanmu za su ce. Za su ce su ba kuɗi suke nema ba, kuma ba za su taɓa kowa ba, hukuma za su miƙa shi. Mun yarda da niyyarsu. Amma bari mu bi sawun aikin taki-taki mu ga abin da ɗan'uwa zai taka kafin ya isa inda yake so. Zai fara da ƙarya a sunansa. Zai ɗauko hoton wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba ya liƙa a shafin, ya shafa masa kashin kaji a wurin duk wanda ya gane fuskar. Zai zauna dare bayan dare yana rubuta kalaman batsa da hannun da yake riƙe Alƙur'ani da shi, yana karɓar hotunan da bai halatta ya kalla ba, domin kifi ba ya kama ƙugiya sai da abinci a bakinta. Zai yi rantsuwa da alkawarin amana yana nufin yaudara. Daga ƙarshe, kuma wannan ya fi muni, shi ne zai kira mutum zuwa ga saɓo, ya sa rana, ya nemo ɗaki. Wataƙila wanda yake ɗaya gefen mutum ne da yake kokawa da zuciyarsa shekara da shekaru, yana faɗuwa yana tashi, yana kuka a sujadarsa ba wanda ya sani, sai ga mai wa'azi ya zo ya yi wa Shaiɗan aikinsa kyauta. Wanda ya haƙa rijiya a kan hanya ba shi da bakin zargin wanda ya faɗa. Kuma muna faɗa wa iyaye da babbar murya cewa zuciyar saurayi ba dutse ba ce: wanda ya ɗauki wata uku yana kwaikwayon wani hali a ɓoye, babu mai lamunce masa cewa zai fito kamar yadda ya shiga.

Hisba tana da sharuɗɗa, kuma magabata ba su bar ta a hannun zafin rai ba. Imamu Gazali a cikin Ihya'u Ulumiddini ya kawo sharuɗɗa huɗu ga abin da za a yi inkari a kansa, ɗaya daga ciki shi ne ya kasance a bayyane yake ba tare da an yi bincike da leƙe ba. Imamu Mawardi a cikin Ahkamus Sulɗaniyya ya hana muhtasibi, wanda sarki ne ya naɗa shi, bankaɗo abin da aka suturce, sai fa inda ake tsoron aukuwar ɓarnar da ba ta gyaruwa, kamar a ce ana shirin kashe wani. To, idan wanda hukuma ta naɗa an ɗaure masa hannu haka, ina ga wanda ya naɗa kansa? Asalin wannan duka yana cikin aya ta 12 ta Suratul Hujurati, wadda ta jera munanan zato da leƙen asirin mutane da giba a wuri ɗaya ta hana, kamar tana nuna mana cewa ɗayansu ne yake haifar ɗaya. Abu Dawuda ya ruwaito cewa an kawo wa Abdullahi ɗan Mas'udu (R.A.) labarin wani da ake cewa gemunsa yana ɗigar giya, sai ya amsa da cewa an hana su bincike, amma abin da ya bayyana gare su za su yi hukunci da shi. Ya kuma ruwaito daga Mu'awiya (R.A.) gargaɗin Manzon Allah (S.A.W.) cewa bibiyar aibobin mutane lalata su yake yi. Malamai sun kawo labarin Sayyidina Umar (R.A.) da ya haura katangar wani ya same shi cikin saɓo, sai mutumin ya tunatar da shi cewa shi laifi ɗaya ya yi, amma Sarkin Muminai ya yi uku: ya yi leƙe, ya shigo ba ta ƙofa ba, kuma bai nemi izini ba. Umar, da duk kwarjininsa, ya karɓi maganar ya fita. Wayar mutum a yau ita ce katangar gidansa, har ta fi, domin abin da ke cikinta ko matarsa ba ta sani ba.

Sai batun hujja, wanda a nan ne mafi yawan masu zafin kai suke tuntuɓe. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu suke hukunci da ita, wannan laifi ba ya tabbata sai da shaidu huɗu adalai da suka ga aikin da idanunsu, ko kuma iƙirarin mutum da bakinsa cikin zaɓinsa, wanda kuma yana da damar janyewa. Iƙirarin da aka karɓa da gora da bulala a cikin kango ba shi da daraja ko ta anini. Hoton hira da aka kwafo daga waya ba shaida huɗu ba ne, ba ma shaida ɗaya ba ne a kan aikin, balle a zamanin da yaro ɗan sakandare zai iya ƙirƙirar hira sukutum da sunan wani, ko ya ɗora fuskar mutum a jikin da ba nasa ba, ko ya kwaikwayi muryarsa da na'ura. Allah bai tsananta wannan sharaɗi don wasa ba. Ya tsananta shi ne domin mutuncin mutum ya fi sauƙin zubewa a kan ruwa a faranti, kuma ba ya kwasuwa.

Wanda kuwa ya yi tuhuma ya kasa kawo shaidun, Suratun Nur, aya ta 4, ta yanke masa bulala 80, ta soke shaidarsa, ta kira shi fasiƙi. Risala ta Ibnu Abi Zaidin, wadda yaranmu suke karantawa a zaure, ta bayyana cewa jifan mutum da luwaɗi ƙazafi ne mai wajabta haddi. Sayyidina Umar ya tsayar da wannan haddi a kan mutum uku da suka yi shaida a kan wani gwamnan Basra, a cikinsu har da sahabi, saboda na huɗunsu bai cika shaida ba. Aya ta 19 ta wannan sura kuma ta yi alkawarin azaba ga masu son alfasha ta yaɗu a tsakanin muminai, kuma malaman tafsiri sun shigar da masu yaɗa labarinta. Saboda haka ɗan'uwa da bidiyo ya shigo wayarka ka danna ka tura wa zaure mai mutum 200 kana rubuta a'uzubillahi a ƙasa, ka duba da kyau a wane layi ka tsaya. Lokacin da Ma'izu ya zo ya yi iƙirari da kansa, Manzon Allah (S.A.W.) ya yi ta kawar da fuska yana ba shi ƙofar komawa, daga baya kuma ya nuna wa Hazzalu, wanda ya ba shi shawarar zuwa, cewa da ya rufa masa asiri da ya fi masa alheri. Wannan fa a kan wanda laifinsa ya tabbata ne da bakinsa.

A yi tunanin abin da wannan yake nufi a gari kamar Roni, ko a wata unguwa ta Kazaure. A Kano mutum yana iya sauya unguwa ya ɓace cikin jama'a. A nan kuwa idan suna ya fita, gida ne gaba ɗaya ya fita. A fasa auren ƙanwarsa da aka sa wa rana. Mahaifinsa ya daina fitowa masallaci. Mahaifiyarsa ta daina zuwa suna da biki, hawan jini ya kwantar da ita. Ƙannensa a yi musu waƙa a makarantar allo. Waɗannan duka wane laifi suka yi? Idan kuma mace ce aka jefa da maɗigo, abin ya fi muni, domin kalma ɗaya ta ishi a sake ta, a raba ta da 'ya'yanta, ba tare da wani alƙali ya taɓa jin ta bakinta ba, alhali ko da ya tabbata, hukuncinsa a fiƙihu ladabtarwa ce da take hannun alƙali. Kuma da zarar jama'a sun saba da karɓar irin wannan tuhuma ba tare da hujja ba, to, an ƙera wuƙa an ajiye a bakin hanya. Kishiya za ta ɗauka, wanda ake bi bashi zai ɗauka, ɗan siyasa zai ɗauka idan zaɓe ya ƙarato, mai neman limanci ko sarautar unguwa shi ma zai ɗauka. Mu da muka sha ƙazafi iri-iri a farkon da'awa, aka kira mu da sunayen da ba namu ba, bai kamata a koya mana ɗacin wannan ba. Haka nan taushin murya, ko salon tafiya, ko sana'ar sayar da abinci, ko jinkirin aure, babu ɗayansu da yake hujja a kan kowa a wurin Allah.

Daga tuhuma zuwa taron gayya taki ɗaya ne. A watan Janairu na 2014, a Bauchi, jama'a sun yi ruwan duwatsu a kan kotun Shari'a da take sauraron ƙarar wasu da ake tuhuma da wannan laifi, har sai da jami'an tsaro suka yi harbi sama aka dakatar da zaman. A duba wannan da kyau: mutanen da suke cewa Shari'a suke so, su ne suka jefi kotun Shari'a, saboda alƙali ya tsaya bin ƙa'ida. A watan Fabrairu na wannan shekarar kuma, a Gishiri ta Abuja, an bi gida-gida da dare an fito da mutane an dake su da sanduna. Duk wanda wannan bai dame shi ba saboda ba nasa aka taɓa ba, sai ya tuna Uromi ta Jihar Edo, a watan Maris na 2025, inda aka tare mafarauta 'yan Arewa da suke komawa gida yin Salla, aka kira su masu garkuwa da mutane, aka kashe 16 ba tare da tambaya ba. Mun yi kuka, mun nemi a yi adalci, kuma muna da gaskiya. Hujjarmu a ranar ita ce zato ba ya halatta jini, kuma taron jama'a ba kotu ba ne. Wannan hujja ba ta da rana ta hutu.

Dokar ƙasa ma ba ta ba kowa wannan dama ba. Da Jihar Jigawa ta ƙaddamar da Shari'a a shekarar 2000, a hannun alƙalai ta sa hukunci. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai kotu ta tabbatar, sashe na 37 kuma ya kare sirrin gidan mutum da wasiƙunsa da maganganunsa na waya. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta hukunta yin sojan gona da barazanar karɓar kuɗi ta waya. Saurayin da ya ɗana tarko yana iya wayar gari shi ne a gidan yari, kuma sunan ƙungiya ne za a buga a jarida tare da nasa.

Za a ce mana, to, sai mu naɗe hannu? Ba mu ce haka ba. Inda aka yi wa wani fyaɗe, ko aka tilasta shi, ko wani babba ya ci amanar yaro, namiji ne ko mace, wannan wani babi ne daban, zalunci ne da ya wajaba a kai shi gaban hukuma nan take, kuma rufa shi haɗa baki ne da azzalumi. Abin takaici ma shi ne sau da yawa wannan ne muke rufawa idan mai laifin yana da kuɗi ko rawani, sa'an nan mu huce a kan talakan da bai taɓa kowa ba. An bar jaki ana dukan taiki.

A sauran lamura kuwa, aikinmu shi ne wanda muka sani tun farko: karantarwa a fili ba tare da kama suna ba, da nasiha a ɓoye tsakanin mutum biyu. Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bayyana tun a farkon Ihya'us Sunna cewa manufarsa raya sunna ce da kashe bidi'a, ba keta suturar mutane da shagaltuwa da aibobinsu ba, kuma da wannan tafarki ya juya ƙasar Hausa. Muna tambayar malamanmu da limamanmu: idan a daren yau wani magidanci ko wata baiwar Allah suna ɗauke da irin wannan nauyi a zuciya, ko wani yana hannun masu tatsarsa da barazana, akwai ƙofa ɗaya a garinku da zai ƙwanƙwasa yana da yaƙinin cewa maganar ba za ta kai shagon mai shayi kafin hantsi ba? Idan babu, to, a nan giɓin yake, kuma wannan giɓin ne yake mayar da mutane cikin waya. Tsoro ba ya kawo mutum gaban malami, ba ya ma kai shi gaban likita. Wani bincike da aka yi a Abuja, wanda mujallar likitoci ta Lancet HIV ta buga a 2015, ya nuna cewa tsoron zuwa asibiti ya ƙaru a tsakanin irin waɗannan maza bayan dokar 2014. Mutumin da yake ɗauke da cuta ya ƙi zuwa gwaji, matarsa ce da jaririnta za su biya. A nan ma muna jan kunnen iyayen da suke jin ƙishin-ƙishin a kan ɗansu sai su yi maza su ɗaura masa aure domin a rufe bakin mutane. Yarinyar da aka kai wannan gida ita ma 'yar wani ce, ba magani ba ce, kuma ba a shawarce ta ba.

Ga wanda ya riga ya faɗa hannun waɗannan mutane, ko da laifinsa ko ba da laifinsa ba, muna cewa: kuɗi ba ya rufe bakin mai barazana, buɗe shi yake ƙara yi, kuma wanda ya biya sau ɗaya ya zama gonar da ake girbe duk wata. Kada ya share saƙonnin da lambar asusun da aka turo masa, domin su ne hujjarsa. Ya nemi lauya ko wani dattijo amintacce. Kada kuma Shaiɗan ya raya masa cewa kashe kansa ne mafita, domin babu abin kunyar da ya kai ran mumini daraja, kuma ƙofar tuba ba a hannun mai bidiyo take ba.

Muna kira ga shugabannin rassa na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura da su karanta wannan bayani a zaman wata na 'yan agaji da na ɗalibai, maza da mata. Kada a yi amfani da kaki ko katin shaida ko sunan ƙungiya wajen tare wani, ko karɓar wayarsa, ko bincika ta. Masu kula da zaurukan WhatsApp na rassa su goge duk hoto ko bidiyo ko jerin sunaye irin wannan da zarar ya shigo, su kira wanda ya turo su yi masa nasiha shi kaɗai, idan ya maimaita a cire shi. Wanda kuma ya riga ya buɗe shafin bogi da wannan niyya, ya rufe shi a yau, ya goge abin da ya tara, idan kuma ya karɓi wani abu daga hannun wani, ya mayar masa ta hanyar da ba za ta tona shi ba. Duk reshen da yake da tambaya a kan wani lamari na musamman, ya aiko da ita ga majalisar malamai a rufaffiyar takarda, ba tare da ambaton sunan kowa ba.